Bikin Littattafai: Asalinsa da Yadda Ya Iso Ƙasar Hausa

Bikin littattafai taro ne da ake yi shekara-shekara, na kwana uku ko huɗu, wani lokaci har ya zarce mako, inda marubuta da masu karatu da masu buga littattafai da malaman adabi suke haɗuwa a gari ɗaya su yi ta magana a kan littafi. Ana kiransa na ƙasa da ƙasa idan baƙin da aka gayyato sun fito daga ƙasashe dabam-dabam. A Arewacin Nijeriya guda biyu ne suka fi yin suna. Akwai bikin littattafai da fasaha na Kaduna, wanda aka fi sani da KABAFEST, da aka buɗe a 2017. Akwai kuma HIBAF, bikin littattafai da fasahar Hausa na ƙasa da ƙasa, da aka fara a 2021, shi ma a Kaduna. Idan aka gwada su da na Turai, duka biyun 'yan bana-bakwai ne, sai dai hanyar da ta kawo su tana da tsawo.

Tsarin yini a irin wannan biki kusan ɗaya ne ko'ina. Da hantsi akan fara da zaman tattaunawa: kujeru uku ko huɗu a kan dandamali, ɗan tebur da gorunan ruwa, mai gabatarwa a gefe riƙe da littafin da za a tattauna, duk ya lanƙwashe kusurwoyin shafukan da zai yi tambaya a kansu. Marubuci zai karanta shafi ɗaya ko biyu, a yi masa tambayoyi na kamar rabin awa, sannan a miƙa makirufo ga jama'a. A nan ne zaman yake yin armashi, domin mai tambaya ba ya jin nauyin kowa. Ɗaliba za ta tashi ta ce ƙarshen labarin bai gamsar da ita ba, dattijo ya ce an ci zarafin al'ada a babi kaza, wani kuma ya miƙe da sunan tambaya ya ɓige da lacca har sai an lallaba an karɓe abin maganar. Ana tashi sai a yi layi a teburin sayar da littattafai, mai kuɗi a hannu ya biya, mai kati ya miƙa wa mai POS, daga nan a wuce wurin marubucin ya sa hannu a shafin farko. Da la'asar akan yi bita ga masu koyon rubutu, a zagaya ɗakin da aka rataye zane-zane da hotuna. Dare kuwa na waƙe ne, ko wasan kwaikwayo, ko kallon fim.

Mutane kan haɗa shi da bajekolin littattafai, alhali akwai bambanci. Bajekoli kasuwa ce. A na birnin Frankfurt da ke Jamus, wanda aka farfaɗo da shi a 1949, kamfanoni ne suke zama su yi cinikin izinin fassara da na sake bugawa. Na Alƙahira, da aka fara a 1969, jama'a na tururuwa ne don su sayi littafi da rahusa. A wurin biki ma ana ciniki, amma abin da ya tara mutane shi ne su ga mai rubutun ido da ido, su ji muryarsa, su yi masa gardama.

Daga Ukaz zuwa Hay

Wanda ya yi karatun adabin Larabci a zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba. Kafin zuwan Musulunci, kasuwar Ukaz da ke kusa da Ɗa'ifa tana ci a watan Zulƙida, lokacin da aka haramta yaƙi, kuma ƙabilu kan zo da hajarsu da mawaƙansu. Littattafan tarihin adabi sun kawo cewa akan kafa wa Nabigatuz Zubyani jar hema ta fata, mawaƙa su riƙa zuwa suna rera ƙasidunsu yana yi musu alƙalanci, har da Hansa'u a cikinsu. Saudiyya ta farfaɗo da sunan wannan kasuwa a 2007 a matsayin bikin al'adu na shekara.

Biki irin na yau kuwa, mai jadawali da tikiti da baƙi na musamman, a Ingila ya samo asali. Garin Cheltenham ya fara nasa a 1949, kuma har gobe ana yin sa a watan Oktoba. Edinburgh ta bi sahu a 1983. Wanda ya fi sauya fasalin abin shi ne na Hay, wani ɗan ƙaramin gari a kan iyakar Wales da Ingila, da mazaunansa ba su kai dubu biyu ba amma ya yi suna da shagunan tsofaffin littattafai. Peter Florence da iyayensa suka fara shi a 1988. A ƙarshen watan Mayu akan kafa manyan tantuna a fili a bayan gari, mutane su yi ta kwarara daga ko'ina na tsawon kwana goma. Hay ta nuna cewa ba sai babban birni ba, kuma daga baya ta yi rassa a wasu ƙasashe, kamar Kolombiya da Sifaniya. Indiya ta shigo a 2006 da bikin Jaipur, wanda ya fara da 'yan tsirarun marubuta ya koma taron dubun dubata, ana magana da Turanci da harsunan ƙasar a zaure dabam-dabam.

A Afirka, taron marubuta na farko da ya bar tarihi shi ne na Jami'ar Makerere da ke Kampala a watan Yunin 1962. Chinua Achebe da Wole Soyinka sun halarta, haka ma Ngugi wa Thiong'o, yana ɗalibi a lokacin. Sunan taron da kansa ya ce na marubutan Afirka ne masu rubutu da Turanci, saboda haka masu rubutu da Suwahili ko Yarbanci ko Hausa suna waje, ko da yake Magana Jari Ce ta riga ta shekara ashirin da wani abu a hannun 'yan makaranta. Shekara ɗaya bayan nan manazarci Obi Wali ya rubuta maƙalar da ta ce adabin Afirka da ake yi da harshen Turawa ba inda zai kai. Gardamar da aka buɗe a lokacin ba a rufe ta ba, kuma ita ce take sake tasowa duk sa'ad da aka zo tsara jadawalin biki a Kaduna ko Kano.

Akwai misali ɗaya a nahiyar da ya kamata Bahaushe ya sani. A 2008 Jama Musse Jama, masanin lissafi, ya kafa bikin littattafai na Hargeisa a Somaliland. Harshen Somaliya bai samu daidaitaccen rubutun boko na hukuma ba sai 1972, kuma adabinsa mafi ƙarfi waƙar baka ce. Duk da haka aka gina bikin a kan harshen gida, ana kuma gayyato ƙasa ɗaya kowace shekara a matsayin babbar baƙuwa. Nijeriya ce baƙuwar 2015.

Hanyar Nijeriya

A nan gida, bikin FESTAC na 1977 ya tara masu fasaha na baƙar fata daga sassan duniya a Legas, aka yi hawan daba a Kaduna, amma abu ne na lokaci ɗaya. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, wadda Achebe ya jagoranci kafa ta a Nsukka a 1981, tana babban taro kowace shekara ana zagayawa da shi jiha-jiha, sai dai taron 'yan ƙungiya ne, da zaɓe da rahoton ma'aji. Bikin da aka buɗe wa kowa ƙofa ya fara ne a Legas a 1999 da LABAF. Fatakwal ta fara nata a 2008 ƙarƙashin Koko Kalango, har ya kai hukumar UNESCO ta naɗa birnin hedikwatar littafi ta duniya ta shekarar 2014. A wannan shekarar ne, da haɗin gwiwar masu bikin Hay, aka fitar da sunayen marubutan Afirka 39 'yan ƙasa da shekara 40 da ake sa ran za su yi fice. Biyu daga cikinsu za su sake fitowa a wannan bayani: Lola Shoneyin da Abubakar Adam Ibrahim.

Lola Shoneyin ce ta kafa bikin Aké a Abeokuta a watan Nuwamban 2013, ta hannun gidauniyarta ta Book Buzz. Aké unguwa ce a birnin, inda Soyinka ya tashi, kuma sunan littafin da ya rubuta game da ƙuruciyarsa ke nan. Cikin 'yan shekaru bikin ya zama mahaɗar marubutan Afirka na gida da na ƙetare. Yana fitar da mujallarsa duk shekara, yana kuma aika baƙinsa makarantun garin su karanta wa yara. A 2018 ya koma Legas, a 2020 kuma annobar korona ta tilasta aka yi shi kacokan ta intanet. Tsarin Aké ne aka ɗauko aka kawo Kaduna.

Ƙasar da aka shuka irin a kanta

Kafin a ce komai game da Kaduna, ya kamata a duba abin da Hausawa suke da shi tun da. Taruwa don sauraren magana mai tsari tsohuwar al'ada ce: tatsuniya a tsakar gida, karatun Ishiriniya a daren Mauludi, waƙoƙin wa'azi a bakin almajirai da makafi, makaɗa a ƙofar fada, kalankuwa bayan an kai amfanin gona gida. A zamanin jam'iyyun NEPU da NPC rubutacciyar waƙa ta hau dandalin siyasa, a Kano kuma Mudi Sipikin ya tara sha'irai a ƙungiyar Hikima, suna karanta waƙoƙinsu a rediyo. Jami'o'i da kwalejoji sun daɗe suna Makon Hausa, da laccoci da wasanni da baƙi daga gari.

Shi kuwa ƙagaggen labari na boko, gasa ce ta haife shi. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zagaya yana neman malamai su rubuta labari da Hausa. Littattafai biyar suka fito daga ciki: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East ɗin kansa. Imam yana koyarwa ne a Midil ta Katsina a lokacin, yayansa Bello kuma yana Kwalejin Katsina. Rabon Katsina bai tsaya nan ba. A gasar kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ta 1978 Sulaiman Ibrahim Katsina ya fito da Mallakin Zuciyata, tare da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. A gasar da sashen al'adu na gwamnatin tarayya ya shirya, wadda aka buga littattafanta a 1982, ya sake fitowa da Turmin Danya, Bature Gagare kuma da Ƙarshen Alewa Ƙasa.

Gasa tana samar da littafi, amma alƙalai ne kawai suke ganawa da shi kafin a buga. Waɗanda suka fara haɗa marubuci da mai karatu kai tsaye su ne matasan da suka ɓullo daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya saboda tsadar takarda. Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da abokansu suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama a Kano, kowa yana buga littafinsa da kuɗin aljihunsa. A bangon baya akan sa hoton marubuci da lambar akwatin gidan waya, daga baya lambar tarho. Wasiƙu suka riƙa zuwa daga Funtuwa da Gusau da Maraɗi, wasu na yabo, wasu na neman a sauya makomar wata tauraruwa a littafi na biyu, marubucin kuma ya buga zaɓaɓɓu a shafukan farko na sabon fitowa. Ke nan zaman tambaya da amsa ya riga biki zuwa, ta hannun masinjan gidan waya.

Wannan adabi ya sha suka. Ibrahim Malumfashi ne ya raɗa masa suna Adabin Kasuwar Kano, kuma a shekarun 1990 aka yi doguwar muhawara a shafukan jaridu tsakaninsa da masu kare shi, irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu. A 2007 abin ya wuce fatar baki: an ƙona wasu littattafan hikaya a bainar jama'a a Kano, daga baya kuma hukumar tace fina-finai ta jihar ta nemi marubuta su yi rajista da ita. Duk da haka a 2012 wani kamfani a Indiya ya buga fassarar Turanci ta Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat, wadda Aliyu Kamal ya yi, masu karatu na ƙasashen waje suka fara tambayar me kuma ke akwai.

Kaduna, 2017

An yi KABAFEST na farko daga 5 zuwa 8 ga Yulin 2017 a Cibiyar Gusau da ke Kaduna, wadda Janar Aliyu Muhammad Gusau ya kafa. Gwamnatin jihar a zamanin Nasir El-Rufa'i ce ta haɗa hannu da gidauniyar Book Buzz, Lola Shoneyin tana jan ragama. Babbar baƙuwa ita ce Leila Aboulela, 'yar Sudan mazauniyar Scotland, wadda ta fara cin kyautar Caine ta gajerun labaran Afirka a shekarar 2000. Zaɓin ya dace da wurin. Matan da ke cikin labaranta Musulmi ne masu salla da azumi, kuma ba ta rubuta addininsu a matsayin ciwon da ake neman magani. Ga kuma tsohuwar dangantakar Sudan da ƙasar Hausa ta hanyar alhazan ƙasa, waɗanda da yawansu suka yada zango can har zuriyarsu ta zama 'yan ƙasa.

Lokacin ma ya dace. Shekara ɗaya kafin nan Abubakar Adam Ibrahim ya ci kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG, mai dala 100,000, da littafinsa Season of Crimson Blossoms, wanda jarumarsa bazawara ce Bahaushiya mai shekara hamsin da biyar. Elnathan John, ɗan Kaduna, yana cikin ukun ƙarshe na wannan gasar da labarin wani almajiri. Tsohon zancen da ake yi a Kudu, cewa Arewa ba ta karatu balle rubutu, ya fara rasa madafa, kuma wani ɓangare na manufar bikin shi ne a kawo mutanen Legas da na ƙetare su gani da idonsu.

An sake yin bikin a Satumban 2018 da na 2019. Korona ta katse shi, bai dawo ba sai Satumban 2022, wato sau huɗu a cikin shekara shida. Na 2022 ya zo ne a lokacin da jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna yake tsaye, bayan harin da aka kai masa ranar 28 ga Maris na shekarar, kuma hanyar mota ma ba ta da daɗin bi. Mai shirya biki a Cheltenham damuwarsa ruwan sama. Na Kaduna sai ya fara tunanin ta inda baƙonsa zai shigo gari.

An ware wa adabin Hausa zama a jadawalin KABAFEST, an kuma girmama dattawan marubutan Arewa. Amma harshen dandamali Turanci ne, yawancin littattafan da ke kan tebur ma haka, kuma farashin ɗaya daga cikinsu zai sayi littattafan Hausa na kasuwa masu yawa. Marubuciyar da mata ke karanta labaranta a ɗakunansu daga Kano har Agadas takan samu kanta kamar baƙuwa a taron da aka yi a ƙofar gidanta.

Wannan giɓi ne HIBAF ya zo cikewa. Sada Malumfashi, marubuci kuma ɗan jarida, ya fara shi a watan Oktoban 2021 ta hannun ƙungiyarsa ta Open Arts, da nufin a sa Hausa da adabinta a tsakiyar fili, Turanci ya zama abokin rakiya. Kalmar ƙasa da ƙasa tana da wata ma'ana dabam a nan. Ba sai an ɗauko baƙo mai wani harshe ba, domin Hausa da kanta ta ƙetare iyakoki: Maraɗi da Damagaram da Yamai, zangon Kumasi da na Ankara, arewacin Kamaru, Cadi da Sudan. Ana koyar da ita a jami'o'in Hamburg da Warsaw da Beijing, kuma sashen Hausa na BBC yana watsa shirye-shirye tun 1957. Wata shaida ita ce gasar Hikayata ta mata zalla da BBC ɗin ta fara a 2016. Aisha Muhammad Sabitu ce ta fara cinye ta da labarin Sansani, a 2022 kuma kambun ya tsallaka iyaka zuwa hannun Amira Souley ta Maraɗi.

Daga nan abin ya yaɗu. Matasa sun shirya nasu a Sakkwato da Minna da Maiduguri, a 2024 kuma ƙungiyar Poetic Wednesdays ta buɗe bikin waƙe na ƙasa da ƙasa a Kano. A gefe guda ga Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta, wadda ɗan jarida Abdulbaƙi Jari da abokansa suka fara a shafukan sada zumunta a 2015, yanzu kuma ana tarukanta a ƙasashe da dama. Ita ba bikin littafi ba ce, ta fi karkata ga al'ada da karin magana da tufafi.

Wa ke biya?

Babu bikin littattafai a Nijeriya da cinikin littafi ko kuɗin shiga zai iya ɗaukar nauyinsa. Akwai tikitin jirgin baƙi, da masauki, da hayar zaure, da man janareta, da masu ɗaukar hoto da sauti. Kuɗin kan fito ne daga gwamnatin jiha, ko banki, ko kamfanin sadarwa, ko ofisoshin jakadanci da cibiyoyin al'adu na ƙasashen Turai. Kowanne da wutsiyarsa. Bikin Fatakwal ya yi sanyi bayan gwamnatin da ke tallafa masa ta sauka a 2015. A kan KABAFEST kuma wasu marubuta sun yi ta suka a shafukan sada zumunta, suna cewa bai kamata mai alƙalami ya ci tuwon gwamnatin da ake tuhuma da takura wa masu sukarta ba, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Masu kare bikin suka ce kuɗin gwamnati na jama'a ne, kuma gara a kashe shi a kan littafi. Matsalar ba ta Nijeriya kaɗai ba ce. A 2024 bikin Hay ya rabu da babban mai ɗaukar nauyinsa, wani kamfanin zuba jari, bayan marubuta sun fara janyewa saboda inda kamfanin yake sa kuɗinsa. Tallafin ƙetare shi ma yakan zo da batutuwan da mai bayarwa yake so a tattauna, shi ya sa wani lokaci jadawalin biki a Afirka yakan yi kama da na taron ƙungiyoyin agaji.

Yadda abin yake daga Batsari da Safana

Duk waɗannan bukukuwa a manyan birane ake yin su. Ana iya auna nisan da suka kai idan aka dube su daga yammacin Jihar Katsina, daga Batsari, ƙasar Sarkin Ruma, da Safana ta Yariman Katsina, waɗanda dukansu suke jingine da dajin Rugu. Yanki ne mai nasa adabin: kirarin mafarauta da 'yan tauri, waƙoƙin noma da na daɓe, labaran jarumtar mutanen Ruma irin su Ɗanwaire, ga makarantun allo da na zaure inda ake karanta ajami. Littafin boko kuwa ta ranar kasuwa yake shigowa. Mai tebur zai shimfiɗa hajarsa, littattafan addini a sama, na makaranta a tsakiya, na hikaya a gefe an ɗaure su da roba kashi na ɗaya da na biyu da na uku. Da yawa ba saye ake yi ba, haya ce. Yaro zai karɓo wa yayarsa ko matar wansa, littafin ya kwana biyu a gidan, ya bi ta katanga zuwa maƙwabta, kafin ya dawo bangonsa ya yi laushi kamar tsumma. Wadda ba ta iya karatun boko ba tana da rediyo, inda ake karanta littafi babi-babi.

Yanzu waya ta karɓe yawancin wannan aiki. Marubuta, akasarinsu mata, suna sakin labari shafi-shafi a zaurukan WhatsApp da Facebook da Wattpad, a ba da farkon kyauta, mai son ci gaba ya tura kuɗi ko katin waya. Wasu kuma suna karanta littattafan da murya su ɗora a YouTube. Ta wannan ƙofar ce labarin biki ma yake isa ƙauye: hoton marubuci a kan dandamali, ko ɗan guntun bidiyon wata mai waƙe. Ƙofar kuwa takan rufe. A watan Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga, Batsari da Safana suna ciki, kuma ba a fara maido da su ba sai Disamba. Ke nan ranakun da aka yi HIBAF na farko a Kaduna, mai karatu a Runka ko Ruma ko kiran waya ba ya iya yi sai ya yi tafiya zuwa inda sabis yake.

Abin da yankin ya gani a shekarun nan, na ƙauyukan da aka tasa da makarantun firamaren da suka koma masaukin 'yan gudun hijira, shi ne irin abin da ake tattaunawa a zaurukan bukukuwan, sau da yawa da Turanci, a gaban mutanen da a jarida suka karanta shi. Waɗanda abin ya shafa ba kasafai suke cikin zauren ba, saboda kuɗin mota da na kwana da kuma halin hanya. Wuri mafi kusa da ke da kayan karɓar irin wannan taro shi ne Dutsin-ma, maƙwabciyar Safana, inda akwai Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011 da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. A nan ne 'ya'yan Batsari da Safana da dama suke karatu, a nan ake horar da malaman da za su koma su koyar da Hausa a makarantun yankin, kuma a cikin manhajar da ake koya musu har yanzu akwai Ruwan Bagaja, wanda aka rubuta a Katsina a 1933.